Ruwan Kurkure Baki a Gindin Gawo

Tun da yaron nan nawa ya shiga kwalej a nan Dogon Dutsi, gidana bai rabu da Ingilishi ba. Da la'asar sai ya baje tabarma a ƙofar ɗaki, ya buɗe wani littafi mai hoton kare da gidan bene, ya dinga karantawa da ƙarfi kamar mai tallar magani, awaki suna kallonsa. Rannan na dawo daga ofis, inda aikina shara ne da kai takarda daga wannan tebur zuwa wancan, na tarar yana ta nanata kalmar godiya, sai bakina ya riga ni, na ce tankiyu. Ya yi dariya har littafin ya faɗi. Ya ce, "Baba, ba haka ake faɗi ba. Mushe, malaminmu, ya ce sai an sa harshe tsakanin haƙora." Da dariyar ta sake shi ya ce, "To wai kai ina ka tsince ta?" Na ce ya kawo mani buta. Amsar tana da tsawo, ni kuma na gaji. Shi ya sa nake rubuta ta a nan, da ɗan guntun rubutun da na iya.

Yanzu Ingilishi abin littafi ne. Ana koyar da shi a aji, rediyo na yin sa a teburin mai shayi, yaro ya faɗi kalma a tsakiyar kasuwa a tafa masa. A zamanin ƙuruciyata kayan ɓoyo ne, kamar kananzir da ashana. Garinmu yana kudu da Geceme, tafiyar wuni guda da jaki zuwa ƙasar Ingilishi. Abin da na fi tunawa da garin shi ne ƙararsa. Daka tun kafin rana ta fito, turmi yana amsa wa turmi daga gida zuwa gida, kukan igiyar guga a kan iccen bakin rijiya, ihun masu korar tsuntsu idan gero ya fara ido, da jakuna waɗanda in ɗaya ya fara duk sai sun karɓa. Yau injin niƙa ya cinye duk wannan, da shi da babur. Ban ce da can daɗi muke sha ba, yunwa muke sha da aikin dole. Amma mutum ya san ƙarar gidansu.

Shekara uku na yi a lakwal, makarantar bokon Faransa. An kama ni ne saboda ubana ba shi da wanda zai tsaya masa, aka sako ni saboda wai na yi wa aji girma. Na fito ban iya rubuta wasiƙar kirki ba, amma na iya raina hauya, na iya raina mutanen da suka haife ni. Wannan shi ne duk abin da na kwaso, sai "wi mushe", wato "to, malam", da tsayuwa ƙyam kamar turke. Ina nan ina yawo da girman kai, gemu ya fara tsiro, sai Nasara suka yi babban yaƙinsu, namu na Faransa suka ɓata da na Ingilishi, aka rufe iyaka. Aka yi shela cewa duk wanda aka kama ya ƙetara, ko aka ga kayan can a hannunsa, kaso ne. Tufa ta ɓace daga kasuwa. Mata suka yi ta banke a kan banke, farin saƙi ya koma na sarakai, har ta kai ana kai mamaci kushewa cikin tabarma.

Ubana yana kwance a lokacin, tari ya ci ƙirjinsa. Ranar da aka binne maƙwabcinmu ya sa aka jingina shi a jikin danga ya ga wucewarsu. Tabarmar ta gaza, ƙafafun mamacin suna waje suna lilo. Da yamma ya aika aka kira ƙanwarsa, wadda nake ce wa Gwaggo. Ina zaune ina ji ya ce mata, "Kin ga yadda anka tahi da shi? Ni ban roƙi kowa komi ba tun da nike. Amma kada ku kai ni haka. Ki nemo mani farin akoko." Ta tofar da tabar da ke bakinta ta ce, "Yaya, ka cika gaggawa. In ka yarda ka jira ni, zan kawo." Daga ranar nan likkafanin ubana ya zama aikin gidanmu.

Gwaggo mijinta ya daɗe da mutuwa, ba ta sake aure ba, jakunanta huɗu su ne mijin. Tun kafin a rufe iyaka take kai wake da tabarmi da man shanu can, ta dawo da akoko da sabulu da allura. Da aka rufe ma ba ta daina ba, sai dai ta sake lokaci. Tsakar rana take ƙetarawa, lokacin da rairayi ke ƙona ƙafa, gardi sun tuɓe takalma suna barci a inuwa. Mai kora mata jakuna ya tsorata ya gudu, sai ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗan lakwal, tun da hauya ta fi ƙarfinka, ko ka iya bin jaki?"

Za a ce ai can ma Hausa ake yi, me ya kawo Ingilishi? Abin da ya kawo shi kanti ne. Akawun kantin mutumin bakin teku ne, Hausarsa ba ta wuce "babu" ba, haka ma ɗan sandan da ke tsare layi. Yadi kuwa ko a can auna shi ake yi, na mutanen ƙasarsu ne kawai. Mutanen garin sun saba da tsawar ɗan sandan, yana faɗa suna yi. Wanda aka ga ya tsaya yana raba ido, an san daga ƙasar Faransa ya fito, sai a fizge shi daga layi. Saboda haka Gwaggo ta tara kalmominta. Ba su kai arba'in ba, ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma ban taɓa ganin malamin da ya san abin da kalma ke yi wa mutum kamarta ba.

Tana tuƙa tuwo take koya mani. Gud monin ta safe ce, kada in kai ta bayan azahar a gane ni baƙo ne. Duk wanda ya sa takalmi mai igiya in liƙa masa "sa" a ƙarshen magana, ko da ƙanen bayana ne. Wota ruwa, sol gishiri, sof sabulu, hau moc tambayar kuɗin kaya. Sori ana faɗin ta in ka taka mutum, ana kuma faɗin ta in shi ya yi tuntuɓe da kansa. In akawu ya ce tumoro, in ɗauki buhuna, yau dai babu. Abin da ta fi ja mani kunne a kai shi ne yes. Ta ce, "Kada ka ce yes ga abin da ba ka gane ba. Wani ya ce yes ya kwana yana ɗaukar itacen bariki. In ba ka ji ba, ka ce wet, wato dakata, ka yi kamar kana gyaran igiyar jaki, ka dubi abin da na gabanka ya yi." Tankiyu kuma sau ɗaya ake faɗi, a ƙarshe, bayan kaya sun shiga hannu. Ta ce mai yawan tankiyu ɓarawo ne ko baƙo.

Kalmomin umarni ba a zaune take koyar da su ba. Kam hiya zo nan, go tafi, sidon zauna, tanda tashi tsaye. Waɗannan ta ce ba na kai ba ne, na ƙafa ne. Ina cin tuwo sai in ji daga bayana, "Tanda!" In na tsaya tunani, muciya ta sauka a ƙeyata. Ina ɗaure jaki sai ta ce a hankali, "Sidon," dole gindina ya taɓa ƙasa kafin ta rufe baki. Na ce, "Gwaggo, ai ni na yi lakwal, ki hwaɗa mani sau ɗaya in riƙe." Ta ce, "Lakwal ɗin da ta tofo ka? Ɗan sanda ba ya jiran ka buɗe kaye ka duba rubutu. Sidon!" Na zauna. Kafin wata ya ƙare, gwiwata ta fi kunnena jin Ingilishi. Na ji daɗin abin, ba zan ɓoye ba. Karo na farko ke nan da na iya wani abu har aka ce na iya.

Akwai wani gawo babba a kan hanya, shi muka ɗauka iyaka, don ba wata alama. A tafiyarmu ta farko, da muka dawo gindinsa, Gwaggo ta tsayar da jakuna, ta ciro gora, ta kurkure baki sau uku ta tofar a saiwar, ta jiƙa yatsa ta goge kunnuwanta. Ta miƙo mani. Na ce mene ne wannan? Ta ce, "Maganar can, can take kwana. Daga nan zuwa gida ban san ta ba, kai ma ba ka san ta ba." Na yi dariya irin wadda yarona ya yi mani. Na ce wannan ai aikin ƴan bori ne, kalma ba aljana doguwa ba ce da za ta bi mutum gida. Na karɓi gorar na shanye ruwan, don ƙishi nake ji.

Ba kurkurar kaɗai ba ce, daga baya na gane. Daga gawon zuwa gida sai ta koma bayana, ta dinga jefo kalmomin nan, ni kuma aikina in yi kamar iska ce ta wuce. Ta ce, "Kam hiya," na waiga. Ta ce, "Ka mutu." Muka ƙara gaba ta ce, "Sidon," na durƙushe a rairayi. Ta ce, "Ka sake mutuwa, kai da ni da jakuna." Na fusata na ce wata guda tana dukana in yi, yanzu kuma tana zagina don na yi, ta zaɓi ɗaya. Ta ce duka biyun ne karatun, kuma na biyun ya fi wuya, ita shekara ta yi kafin ta iya. Na ce a garinmu wa zai yi mani Ingilishi, akuya? Na kora jakuna na yi gaba na bar ta. A tafiya ta biyu ma haka. Ta gaji da ni ta ƙyale, ga rana, ga tsufa.

Sai a tafiya ta uku muka samu akokon. Sau biyu akawu yana ce mana tumoro. Ranar da ya auna mana, ni na tsaya a layi, ɗan sanda ya yi tsawarsa na bi kamar a garin aka yanke mani cibi, na karɓa, na ce tankiyu sa, sau ɗaya. Gwaggo ta naɗe yadin cikin tabarma, muka kawo gida, ta kai wa ubana ya shafa. Har yanzu ina ganin hannunsa a kan farin nan, yana murza bakin yadin da yatsa biyu kamar mai sayen riga ta salla. Ya ce, "To, yanzu ba ni da sauri." Aka tura shi can ƙasan rumbun Gwaggo da ke gidanmu, aka danne da dammunan gero.

Da a nan labarin ya tsaya da ban rubuta ba. Akwai wata yarinya mai tallar fura a kasuwarmu, ƴar Fulanin da ke zaune gabas da gari, wadda ba ta taɓa yi mani kallo biyu ba. Ranar kasuwa, abokaina na tsaye, na je gabanta na gyara hula na ce, "Hau moc?" Ta ce, "Mi ka ce?" Na ce yaren manya ne. Da ta dama mani na sha, na miƙa ƙwarya na ce tankiyu, na ƙara cewa tankiyu, don a ji. Ta ce wa ta kusa da ita, "Wanga ko iska sun taɓa shi?" Abokaina suka fashe. Kafin kasuwa ta watse sunana ya koma Tankiyu. Yara suka sa shi a waƙa suna bi na har rijiya. Da Gwaggo ta ji, ba ta ɗauki muciya ba. Ta dube ni kawai ta ce, "Ka shanye ruwan, ko?" Har yau in na je garinmu, tsofaffin da suka rage da sunan nan suke gaishe ni, ba su ma tuna mafarinsa ba.

Bayan kasuwa biyu wani Nasara na Faransa ya zo rangadi daga bariki, da tafinta da gardi huɗu. Waƙar yara ta riga ta kai inda za ta kai. Aka tara duk mai jaki a ƙofar mai gari, muka yi layi a rana, maza da mata, Gwaggo tana damana. Tafinta ya tambaya wa ke ƙetarawa. Kowa ya ce bai san hanyar ba. Ya tambaya wane ne Tankiyu. Mai gari, Allah ya ji ƙansa, ya ce sunan wani kare ne da ya mutu. Garin nan kaf suka rufe ni, har waɗanda nake rainawa. Nasaran bai yi fushi ba. Saurayi ne siriri, wuyansa ya yi ja, yana ta share gumi. Ya zagaya bayan layi yana tafiya a hankali, ina jin takalminsa a rairayi. Da ya zo daidai bayanmu sai ya ce, ba da ƙarfi ba, kamar mai magana da kansa, "Sidon."

Ban yi niyya ba. Na rantse ban ma ji kalmar ba sai da na ga gwiwoyin mutane a daidai idona. Mutum ashirin da wani abu suna tsaye, ni kaɗai a ƙasa. Na ɗaga kai na dubi Gwaggo. Ko ƙifta ido ba ta yi ba, tana kallon gaba, tana taunar tabarta, kamar ƙuda ne ya wuce. Ita da ta koya mani kalmar, ita da ta fi kowa a wurin saninta. Wani gardi ya yi dariya ya ce, "Ga karen ya tashi daga kushewa."

Suka tafi da ni gida. Ba su sha wahala ba, rumbu uku ne a gidan. Suna jan dammuna, farin ya bayyana. Gardi ya ɗaga sanda a kaina, sai Gwaggo ta shigo tsakani ta ce wa tafinta, "Hwaɗa mishi nawa ne. Jakuna nawa, hanya tawa. Wanga jaki kawai yake kora, shi ma bai iya ba." Tafinta ya ce, "Inna, kin san abin da kike jawo ma kanki?" Ta ce, "Na sani tun ba a haife ka ba. Amma ka roƙa mani shi ya bar yadin, likkafanin wancan ne." Ta nuna ubana, wanda ya rarrafo har bakin ɗaki yana kallo. Tafinta ya faɗa, na ji da ɗan Faransancina cewa ya faɗa daidai. Nasaran ya dubi ubana, ya kawar da kai, ya ce doka ce. Ubana bai ko dube ni ba, yadin yake bi da ido har aka ɗora shi a kan jakin Gwaggo.

Wata uku muka yi. Ni ina fasa dutse a hanyar mota, ita tana daka wa gardi gero, mace mai furfura. Jakunan ba mu sake ganinsu ba. Yadin na gan shi, wata rana da aka aike ni kai ruwa, an shimfiɗa a kan tebur a barandar bariki, da tabon miya a gefe ɗaya. Muna cikin wata na biyu ubana ya rasu. Da muka dawo, uwata ta tare ni a ƙofar gida, ban tambaye ta ba ta ce, "Tabarma biyu muka haɗa muka ɗinke. Ƙafarsa ba ta fito ba." Ta faɗa ne don ta sanyaya mani rai.

Gwaggo ba ta zage ni ba, ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi mani muciya ciwo. Ta koma sayar da daddawa a ƙofar gida. Da aka buɗe iyaka, yadi ya cika kasuwa har ana yi wa yara wando da shi, ba ta da jakin zuwa, ba ta kuma da ƙafar. Na daɗe kafin na iya durƙusawa gabanta na ce ta yafe mani. Tana mulmula daddawa ta ce, "Tashi, ɗan lakwal. Ni na yarda ka tsaya a rabi, don na gaji. Rabin karatu sau biyu ke nan an yi maka." Da ta rasu ni na sayi likkafaninta, na sa aka auna har ya yi yawa, mai wanka tana faɗan ɓarna. Bai rage mani komai ba.

Gawon an sare shi, na ji an ce hanyar mota ta bi ta wurin. Yanzu samari suna ƙetarawa da babur su dawo kafin azahar, bakinsu cike da kalmomin can, ba wanda ya ce musu kanzil. Yarona zai iya Ingilishin da ya fi na akawun kantin nan, da harshe tsakanin haƙora da komai, kuma ina so ya iya, kuɗin littafin daga gumina ya fito. Jiya ma ya zo ya ce in taimaka masa, gobe mushe zai tambaye su. Ya ba ni littafin in riƙe, ni in faɗi Hausa shi ya faɗi Ingilishi. Ruwa, gishiri, sabulu, zo, tafi. Da muka zo kan zauna, ya faɗe ta tsaf yadda ake faɗi a rediyo, yana tsaye, ko gwiwarsa ba ta motsa ba. Tawa ce ta motsa, ina kan kujera.

Da muka gama na tashi na je bakin randa, na ɗebi ruwa a moɗa, na kurkure baki sau uku na tofar a gindin danga, na jiƙa yatsa na goge kunnuwa. Yaron ya ce, "Baba, goro ne ya maƙale maka?" Na ce masa goro ne.